Ramin Ruwan Jego

Yayana Dalhatu magini ne, ɗan magini, kuma gidansa ne na ƙarshe a gangaren Tungar Magina, wani ɗan ƙauye da ke gefen Karakkai a ƙasar Bungudu. Ni ce Hauwa, wadda ke bi masa. Tun da maigidana ya rasu na dawo na zauna a sashen da ya gina mini jikin katangarsa, ina sana'ar ƙuli-ƙulina, ina kuma faɗa masa gaskiyar da sauran mutane ke jin nauyin faɗa masa. Yakan ce bakina ya fi hannuna aiki. Ni kuma in ce ai dole wani ya yi magana a zuriyar nan, tunda shi ya ɗauki shiru ya mai da shi sana'a ta biyu.

Daga katangarsa ta yamma sai kududdufi. Babanmu ne ya fara haƙa shi, Yaya ya ɗora. Duk ɗakin ƙasa da duk rumbun da ke garin nan, daga ramin nan aka ɗebo su. Muna yara da damina kaɗai yake riƙe ruwa, kafin sanyi ya wuce ya ƙafe, a shiga a kwaɓa ƙasa a yi tubali. Sai mutane suka koma ginin bulo, aka daina ɗibar ƙasa. Bayan nan kuma aka kafa mana fanfon sola a tsakiyar gari. Ranar da ruwa ya fara zuba har guɗa na yi, don na san wahalar guga. Abin da ba wanda ya tuna shi ne, ruwan da ya shiga gida dole ya fita. Matar da a da take lallaɓa ƙwarya guda ta wanke kwanuka, yanzu kwarara take yi kamar gulbi ne a tsakar gidanta. Kowace rariya ta kama zuba dare da rana, kuma ruwa bai san hanyar hawa tudu ba. Duk ya gangaro mana.

A haka kududdufi ya daina ƙafewa. Ya yi baƙi, ya yi kumfa, ya haɗa da leda da toka da abin da ba ya faɗuwa. Sauro ya mai da mu gonarsa. In iska ta juyo da yamma, tuwo ma sai ka daure kake haɗiye shi.

Shi kuwa Yaya, don tsabar zama kusa da abin, har ya san ruwan kowane gida. Yana zaune a dakalinsa zai kalli abin da ke gangarowa ya ce, "Wanga ruwan gidan Salisu na, yau sun wanke gero." Ko ya ce, "Gidan Liman an yi baƙi, dubi maiƙo." Bai taɓa kuskure ba. Na ce masa wasu sun haddace littattafai, shi ya haddace kwatar gari. Ya yi murmushi ya ci gaba da gyaran ƙotar digarsa.

Yanzu bari in zo kan 'yar tasa, don a kanta komai ya taso. Shafa'atu ce 'yarsa ta fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Wasu sun sassauta yanzu, amma Yaya ya riƙe abin nan da hannu biyu. Tun da aka haife ta ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba. "Yarinyar can" yake cewa, da ta yi aure kuma ta koma "ta Gusau". Amma ni na san abin da na sani. In ya dawo daga kasuwar Bungudu sai ya miƙo mini rake ya ce, "Ki ba yara." Alhali a lokacin yaro ɗaya ne tak a gidan. Ranar da ta faɗi ta fasa goshi tana ƙarama, bai ko waiwaya ba, amma katangar da yake ginawa a ranar sai da aka rushe ta aka sake, don ta karkace. Ita kaɗai ce katangar da ya taɓa karkatarwa a rayuwarsa.

Ta auri Anas, direban mota a tashar Gusau, yaro mai hankali da kunya. Da labari ya iso cewa tana da ciki, matar Yaya, Kulu, ta rufe fuska da mayafi tana dariya, don ita ma kunyar 'yar fari take. Yaya ya yi kamar bai ji ba. Sai dai daga makon nan itace ya fara taruwa a gindin katanga. Yau ya shigo da kututture, gobe da dami. Na tambaye shi ko burodi zai fara gasawa, ya ce itace na tsada, gara mutum ya tanada. Kowa ya san na wankan jego ne. Haihuwar fari a gidan iyaye ake wankanta, mace ta zauna ta yi arba'in ana dafa mata ruwa safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, sannan a mai da ita ɗakinta ta yi ɓul-ɓul. Ni ce kuma zan yi mata wankan, tunda ni ce gwaggonta.

Ana nan sai ga Hajiya Suwaiba, gwaggon Anas, ta sauka daga mota da gefen mayafi a hanci. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka kawo fura ta ce ta ƙoshi. Ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta zo wurin.

"Ku yi haƙuri, ni aiko ni anka yi," in ji ta. "Anas ya ce in Allah ya sauke ta lahiya, ta yi wankanta can Gusau, ni in kula da ita. Ba raini ba na. Kun dai san abin da ya hwaru bara."

Mun sani. Bara da damina Shafa'atu ta zo mana kwana biyu, ta koma da zazzaɓi da ciwon ciki, sai da ta kwanta asibiti ana ƙara mata ruwa. Likita ya tambayi Anas inda ta je da irin ruwan da ke wurin. Yaron ya tsorata, kuma in za a faɗi gaskiya yana da hujja. Wa zai kai jariri ɗanye bakin wannan baƙin ruwa?

Kulu ta shige ɗaki tana share hawaye. Yaya na zaure, ya ji komai. Da Hajiya ta fito, cewa kawai ya yi, "Allah shi sa hakan ya hi zama alheri. A gaishe su."

Raina ya ɓaci. Tana tafiya na tsaya a kansa na ce, "Yaya, shi ke nan? Ɗiyarka ta hwari za ta yi wanka hannun dangin miji kamar marar gata, kai kuma gaisuwa kaka aikawa? Ka kira yaron ga ka yi mai magana!"

Ya ce, "In ce mishi mi? Ƙarya ya yi?"

Ko da ma yana da abin faɗa, ba zai iya ba. Suruki da suruki ba sa zama su yi ciniki a kan 'yar fari. Anas in ya hango shi daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa, shi kuma ya kau da kai ya amsa gaisuwar yana kallon bango. Mutum biyu masu son yarinya ɗaya, kuma ba mai iya duban idon wani.

Washegari da sassafe na ga ya ɗauki kekensa ya nufi Bungudu. Da azahar ya dawo tare da wani duba-gari, Malam Tajuddeen, dogon mutum mai fara'a. Suka zagaya kududdufin, suka bi kowace rariya har sama. Malam Tajuddeen ya tsuguna ya zana masa a ƙasa abin da aka koya musu a wani kwas. Ya ce ƙaramin gari irin namu ba ya bukatar inji ko wutar lantarki. A tattara ruwan wanka da na wanke-wanke a magudana ɗaya. Ya fara faɗawa rami mai zurfi, datti ya kwanta, maiƙo ya taso a kwashe. Daga nan ya bi ta cikin wani dogon fage da aka cika da tsakuwa da yashi, aka dasa ciyawa mai dogon saiwa a kai. Ruwan ta ƙarƙashi zai bi, ba zai kwanta a fili ba, balle sauro ya samu wurin ƙwai. Saiwar da ƙananan halittun da ke maƙale da tsakuwar su za su cinye dattin. Ya kuma ja kunne cewa ruwan masai ba ya shiga nan ko kaɗan, kuma abin da zai fito a ƙarshe na ban ruwan itatuwa ne kawai.

Yaya ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambayi wace irin ciyawa. Da aka siffanta masa ya ce, "Jema ke nan. Akwai ta bakin gulbi." Shi duba-gari ya san yadda abin ke aiki, shi magini ya san inda ƙasa ke shan ruwa da inda take riƙewa, ya san gangare da ido. Suka dace kamar sun daɗe tare. Har abinci suka ci a kwano ɗaya.

Yaya ya je wajen mai gari, aka kira gayya. Mutane suka fito, don da wuya ka sami wanda bai kwana a ɗakin da Yaya ya gina ba. Masu amalanke suka ɗauko tsakuwa da yashi, matasa suka haƙa, mu mata muka dafa dambu. Aka cike gefen kududdufin da ya fi zurfi, aka daɓe gindin fagen da jar laka yadda ruwa ba zai tsiyaye ya gangara rijiyoyi ba. In an tambaye shi me ya tayar da shi bayan shekara da shekaru yana zaune da wari, sai ya ce, "Sauro ya dame ni." Mutumin da sauro ke cizo bai ko kore shi!

Aikin ya ci shi. Shekarunsa sun ja, gwiwarsa ta dama tana damunsa, amma shi ne farkon fita shi ne ƙarshen shiga. Shi ya riƙa zuwa bakin gulbi yana tono jema da saiwarta, yana ɗaurowa a bayan keke, yana dasawa layi-layi kamar mai dashen albasa. Kowace safiya ya bi magudana da manjagara yana tsince leda. Ya bi gida-gida yana roƙon a daina zuba toka da shara a rariya. Mata suka sa masa suna Sarkin Kwata, yana ji yana murmushi.

Da jemar ta kama, sai abin mamaki ya faru. Wari ya ragu, ya ragu, har wata yamma na lura ina cin tuwo a tsakar gida ban toshe hanci ba. A ƙarshen fagen ruwa na fitowa ta wani ɗan bututu, garau, ka ga ƙasan kwano ta cikinsa. Yaya ya dasa ayaba da zogale a wurin. Yara suka fara kai hannu, ya kafa doka da ƙarfi: "Ba na sha ba na, ba na alwala ba na." Ya maimaita ta har yaran gari suka mai da ita waƙa.

Na fara lissafin yadda zan aika wa Hajiya Suwaiba ta zo ta gani. Sai Allah ya kawo abin da ba mu yi tsammani ba.

Rahama, matar maƙwabcinmu Salisu, ta haihu. Gidansu ne ke sama da fagen jemar kai tsaye, rariyarsu kuma ita ce mafi kusa, don haka aka haɗa ta da bakin fagen ba tare da ta bi ta babban ramin ba. Ba wanda ya ga laifin hakan, ai ruwan wanka ne kawai. Duk cikinmu, har da ni da na yi wa mata wankan jego ba adadi, ba wanda ya tuna irin ruwan da maijego ke zubarwa. Rabin duro ne ake tafasawa da ganyen darbejiya, a yi ta fyaɗa mata da zafinsa, safe da yamma. Duk wannan ya riƙa fitowa yana tururi ya faɗa kan jemar da ba ta gama ƙarfi ba. Layukan farko suka yi rawaya suka kwanta. Ganyen kuma ya toshe bakin tsakuwa, ruwan gari ya rasa hanya ya malala gefe ya kwanta. Kafin ranar suna wari ya dawo.

Kuma wa za a gani a taron sunan? Hajiya Suwaiba, don uwar Salisu 'yar'uwarta ce. Na hango ta ta tsaya a bakin hanya, ta dubi ruwan da ya malala, ta ja mayafi ta rufe hanci. Na bi ta ina bayani, ina rantsuwa cewa makon jiya ba haka yake ba. Ta dafa ni ta ce, "Hauwa, na ga an yi ƙoƙari. Amma abin da idona ya gani shi za ni hwaɗi." Ban ji haushinta ba, ko ni ce haka zan yi. Na koma ɗaki na yi kukana.

Da na fito na tarar da Yaya tsugune a bakin fagen yana jan matacciyar jema. Na ce ya je ya sami Salisu ya ce su riƙa zubar da ruwan wani wuri. Ya ɗago ya dube ni kamar na yi saɓo.

"In aika gidan mutum in ce maijego ta rage wanka? Yarinya ta sha wuya ta haihu. Ruwan ba shi da laihi, Hauwa, zahi gare shi. A ba shi wuri shi huce."

Abin da ya yi ke nan. Ya nemi izinin Salisu, ya haƙa wani ɗan rami a gindin katangarsu daidai bakin rariya, zurfinsa zuwa ƙugu. Ya jera duwatsu a ciki, ya sa tsohon kwando a sama yana tare ganye. Ruwan safe ya zauna a ciki ya huce, sai na yamma ya zo ya tura shi gaba a hankali ta wata 'yar hanya mai lanƙwasa. Ya yi masa murfi da faranti na duro saboda yara da sauro. Ya kwashe tsakuwar da ta toshe ya wanke, ya koma gulbi ya sake ɗauko jema. Malam Tajuddeen da ya zo ya gani ya ce wannan ba ya cikin abin da aka koya musu, don inda aka tsara abin ba su san wankan jego ba, amma zai faɗa wa sauran garuruwa su yi hakan. Kafin Rahama ta yi arba'in fagen ya sake yin kore.

Sai dai mu namu ya riga ya lalace. Saƙo ya zo daga Gusau cewa magana tana nan yadda take. Watan haihuwa ya kusa. Kulu ta daina zancen. Itacen nan na jibge a gindin katanga, ba mai taɓa shi, ba mai kallonsa.

Wata safiya na ji ƙarar diga daga bayan katangar makewayin Kulu. Na zagaya. Yaya ne, yana haƙa rami daidai bakin rariyar gidansa.

Na ce, "Wa ya haihu gidan ga?"

Ya ce, "Gwaji nika yi. Na Salisu bai yi daidai ba."

Na Salisu kuwa lafiyarsa lau. Na tsaya ina kallonsa. Wannan ramin bai yi shi kamar wancan ba. Duwatsun sai da ya zaɓe su ɗaya-ɗaya. Ya shafe bakin da makuba, ya goge har yana sheƙi, irin shafen da yake yi wa ɗakin amarya lokacin da ake yayin ginin ƙasa. Kwandon ma sabo ya saya. Har 'yar zayyana ya yi a gefe da ɗan yatsa, wai don kada hannunsa ya manta. Ya gama ya rufe, ramin ya zauna a bushe, ba ɗigon ruwa a ciki. Kullum da safe in ya gama bin magudana sai ya ɗaga murfin ya share ƙurar da ta shiga. Wallahi ganin wannan ya fi kukan Kulu taɓa mini zuciya.

Ana cikin haka Anas ya zo. Ya ɗauko fasinja zuwa Bungudu, ya ga bai kamata ya juya bai gai da surukai ba. Ya durƙusa nesa da dakali, Yaya ya amsa yana kallon bango, aka gama cikin ɗan lokaci kamar kullum. Yaron ya miƙe zai tafi na tare shi a ƙofar zaure na ce akuyata ta tsinke, ya zo ya taya ni kamawa. Ba ni da akuya, shi ma ya sani, amma ba a yi wa gwaggo musu.

Na kai shi bayan katanga. Ya tsaya turus. Inda ya san baƙin ruwa, jema ce tsaye ta kai ƙirjinsa, iska na kaɗa ta. Ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. Ya je bakin bututun ya tara hannu ya duba ruwan. Ya ɗaga murfin babban ramin ya leƙa ko zai ga 'ya'yan sauro. Ya tambaye ni ruwan da muke sha, na ce na fanfo, kuma na maijego tafasasshe ne. Ya tambayi gidan sauro, na ce sabo na nan cikin leda. Na ji daɗin tambayoyin, don sun nuna mini yarinyarmu tana hannu mai kyau.

Muna dawowa idonsa ya faɗa kan ɗan ramin nan mai sheƙi. Ya ce, "Gwaggo, wanga fa? Na ga babu ruwa ciki."

Na ba shi labarin Rahama da jemar da ta ƙone, da yadda ake ba ruwan jego wuri ya huce. Ya dubi rariyar, ya dubi katangar, ya gane ko ta wane gida ce. Sai ya juyo ya dube ni.

"Baba ya ce a kawo ta?"

Na ce, "Shi? Ko sunanta bai taɓa hwaɗi ba, kai ma ka sani. Ba zai ce maka komi ba har duniya ta tashi. Ga dai abin da ya ce nan gabanka."

Ya tsuguna ya shafa zayyanar da ɗan yatsa. Sannan ya miƙe ya yi mini sallama, bai yi alkawarin komai ba. Ni ma ban matsa ba. Na shiga gida Kulu na tambayata da ido, na ce mata mu dai yi addu'a.

Shafa'atu ta haihu a asibiti a Gusau, mace, lafiya lau. Muka je suna ni da Kulu, aka sa wa yarinya Bara'atu. Ba wanda ya tayar da zancen wanka, mu ma muka kama bakinmu muka dawo. Yaya bai je ba, bai kuma tambaye mu komai ba sai, "Kun iske su lahiya?"

Washegarin dawowarmu da hantsi muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Hajiya Suwaiba ce ta fara fitowa, rungume da jaririya, mayafinta a kafaɗa, hancinta a buɗe. Sai Shafa'atu a bayanta tana takawa a hankali. Anas na sauke kaya yana kallon ƙasa. Kulu ta rasa inda za ta sa kanta, ta shiga ɗaki ta fito ta sake shiga. Yaya kuwa, da ya hango wadda ke fitowa daga motar, sai ya tashi daga dakali ya ɗauki manjagararsa ya zagaya baya, wai leda ta toshe magudana.

Da la'asar na hura wuta da itacen da ya tara. Na tafasa ruwa da darbejiya, na yi wa 'yata wanka yadda aka yi mini, yadda aka yi wa uwarta. Ina jin ruwan na bin rariya yana fita. Da na gama na naɗe jaririyar a zane na zagaya da ita.

Yaya na tsugune a bakin ramin, ya ɗaga murfin. Tururi na tashi yana dukan fuskarsa, ganye na taruwa a sabon kwandon. Manjagarar na yashe a gefe. Da hannu yake tsince ganyen, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Sarkin Kwata, wanga ruwan wane gida na?"

Ya goge ido da gefen riga ya ce tururi ne. Na miƙa masa jaririyar. To jika ba ɗa ba ce, babu kunya tsakaninta da kaka, abokiyar wasa ce. Mutumin da na sani da shiru tun ina yarinya sai ga baki ya buɗe. Ya ce amaryarsa ta zo, ya ce ta cika ƙanƙanta, ya ce hancin nan ba na gidansu ba ne. Yana magana yana ɗaga murya fiye da yadda kunnen jariri ke bukata, don ya san katanga ce kawai tsakaninsa da wadda ke zaune a ciki tana shan kunu.

"Ke Bara'atu," in ji shi, "ki hwaɗa ma uwarki ta sha kunu da yawa. Ki ce mata kar ta ji tsoron ruwa, ta yi wankanta yadda taka so. Akwai inda za shi."

Can sai muryar Shafa'atu ta fito ta saman katanga.

"Bara'atu, ki ce ma kakanki mun ga ramin. Ki ce mai mun iso gida."

Yaya ya sunkuyar da kai kan jaririyar, kafaɗunsa na motsi. Na ɗauki murfin daga gefensa na rufe ramin da kaina, na bar su a wurin na koma in ƙara itace.